Tsallen ƙanƙara: ya aka yi wanda ya fi nisa ya koma ƙasan jadawali?

Ɗan Jega:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu bin wasannin hunturun Turai. A gidajen kallo na Birnin Kebbi, ranar da babu ƙwallo akan bar tashar wasanni a kunne, sai a ga wannan wasan da mutum ke ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya gangaro daga saman tudu, ya tashi sama kafin ya dira. Gardamar da ta tashi ita ce: wani ya dira a mita 135, na bayansa ya dira a 131, amma na 131 ɗin aka sa a gaba. Wasu na cewa son kai ne kawai na alƙalai. To yaya ake lissafin? Kuma da yake kusan kowane mako suna wani gari, wa ake ba kofi a ƙarshe? Matan da ake nunawa, gasa ɗaya suke yi da mazan?

Malamin Lissafi, Gusau:

Wa alaikumus salam. Malam, ba sai an kai ga son kai ba, lissafi ne. Nisa abu ɗaya ne daga cikin huɗu da ake haɗawa: nisa, salo, iska, da matakin da aka taso, wato wurin da ya fara gangarowa a saman tudu.

Kowane tudu yana da layin da ake kira K. Wanda ya dira daidai kansa yana da maki 60. Duk mitar da ya ƙara sai a ƙara masa, duk wadda ya gaza a rage. A ƙaramin tudu, mai K a mita 90 ko 95, kowace mita maki 2 ce. A babban tudu, mai K a 120 ko 125, maki 1.8 ne. A manyan tuddan shawagi, inda K ke mita 200, da maki 120 ake farawa, mita kuma 1.2. Da kyamara ake awo, rabin mita rabin mita, kuma wurin da ake ɗauka shi ne tsakanin ƙafafunsa biyu a lokacin da ya sauka.

Salo kuwa alƙalai biyar ne, kowanne daga 20 yake ragewa. Sai a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a haɗa ukun tsakiya, iyaka 60 ke nan. Wannan jefarwar ita ke karya ƙarfin alƙalin da zai so ya ɗaga ɗan ƙasarsu. Inda aka fi asarar maki shi ne dira. Ana son dirar da suke kira telemak: ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannuwa a buɗe gefe, ƙirji a miƙe. Wanda ya dira ƙafafu a jere, a tsugune, kowane alƙali zai rage masa. Wanda ya faɗi kafin ya ƙetare layin da ke ƙasan tudu, kowane alƙali zai cire masa 7, wato 21 sun tafi.

Bari in ɗauki alƙalumanka in yi misali a tudu mai K 120. Na 135 ya wuce K da mita 15, sau 1.8 ya ba da 27, a haɗa da 60, ya tashi 87. A ce bai yi telemak ba, ukun tsakiya suka ba shi 16.5 kowanne, 49.5 ke nan. A ce iskar gaba ta taimake shi, aka cire masa 6. Jimla 130.5. Na 131 ya wuce da mita 11, makinsa na nisa 79.8. Ya dira tsaf, 19 sau uku, 57. Iska ta buge shi ta baya, aka ƙara masa 4.2. Jimla 141. Ka ga wanda ya gaza da mita huɗu ya ba da ratar maki goma da rabi.

Kuma zagaye biyu ake yi a haɗa. Maza 50 ke shiga na farko, mata 40, sai 30 na sama su wuce na biyu, a fara daga na ƙarshe, jagora shi ne zai rufe. In iska ta hana zagaye na biyu, sakamakon na farko ne zai tsaya.

Yayar Argungu:

Ƙanena, Malam ya gama da lissafin yini ɗaya, bari in ɗauki na kaka. Sunan gasar Kofin Duniya, hukumar wasannin ƙanƙara ta duniya, FIS, ke shirya ta. Ana farawa a ƙarshen Nuwamba, a rufe a Maris, na maza a Planica ta Sulobeniya. A tsakani ana zagaya Ruka da Lahti a Finlan, Wisła da Zakopane a Folan, Engelberg a Suwizalan, Willingen a Jamus, Sapporo a Japan, Lillehammer da Oslo a Norwe.

Makin kaka daban yake da makin tsalle, a nan mutane ke rikicewa. Ko da ratar rabin maki ka ci gasar yau, 100 za a rubuta maka. Na biyu 80, na uku 60, na huɗu 50, na biyar 45, haka ake gangarowa har na 30 mai maki 1. Na 31 ba shi da komai. Saboda haka wanda ya ci ranar Asabar ya kasa shiga talatin ranar Lahadi yana da 100, wanda ya zo na uku sau biyu yana da 120. Jagoran jadawali shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa, a ƙarshe ya ɗauki ƙwallon gilashi.

Gasar Tuddai Huɗu tana cikin kakar amma da nata lissafin. Tun 1953 ake yin ta, gari biyu a Jamus, biyu a Ostiriya: Oberstdorf, sai Garmisch-Partenkirchen ranar 1 ga Janairu, sai Innsbruck, a ƙare a Bischofshofen ranar 6 ga wata. A can makin tsalle takwas ake tarawa. Zagayen farko kuma biyu-biyu ake haɗa su, masu nasara 25 su wuce, a cike da biyar mafi maki cikin waɗanda aka kayar. Tsalle ɗaya ya lalace, an bar ka a baya. Ryoyu Kobayashi na Japan ya ɗauke ta a kakar 2023/24 ba tare da ya ci ko gari ɗaya ba, na biyu ya zo a duka huɗun. Shi ɗin ne kuma ya share huɗun a 2018/19, abin da Sven Hannawald da Kamil Stoch kaɗai suka yi kafinsa.

Batun mata, jadawalinsu daban, kofinsu daban, dokar maki ɗaya. Na maza ya fara a kakar 1979/80, na mata sai 2011/12, Sarah Hendrickson ta Amurka ta ɗauki na farko. Olimfik ma sai 2014 a Sochi aka bar su, bayan sun kai ƙara kotu kafin na Vancouver a 2010 ba su yi nasara ba. Duk da wannan jinkirin, wadda ta fi kowa cin gasa a tarihin Kofin Duniya mace ce, Sara Takanashi, 63, alhali na maza Gregor Schlierenzauer a 53 ya tsaya. Inda ake haɗuwa shi ne gasar ƙungiya ta gauraya, mata biyu maza biyu daga kowace ƙasa.

Kuɗi ne har yau ba a daidaita ba. A kakar 2024/25 zakaran Tuddai Huɗu ya karɓi faran ɗin Suwizalan 100,000. A ƙarshen 2024 a Garmisch, Selina Freitag ta Jamus ta zo ta ɗaya a zagayen tantancewa aka ba ta sabulun wanka da na wanke gashi da tawul, namijin da ya ci irin wannan zagayen kuwa faran 3,000 ya samu. A ganina wannan abin kunya ne ga masu shiryawa, kuma surutun da ya biyo baya daidai ne.

Injiniya Ƙaura:

Malam na Gusau, lissafinka ba gyara, amma kada Ɗan Jega ya ɗauka makin iska yana biyan duk asarar da aka yi. Ba ya biya.

Da farko, me ya sa iskar gaba ke taimako? Fitar da hannu ta tagar mota a hanyar Gusau zuwa Talata Mafara, ka ɗan karkata tafin sama, za ka ji iska na ɗaga shi. Haka jikin mai tsalle da allunansa suke. Iskar da ke hawowa daga ƙasan tudu tana tallabe shi, wadda ke bin bayansa tana danne shi. An jera na'urori a gefen tudu suna auna ta, kwamfuta ta fitar da matsakaici, a ƙara ko a rage. Wajen 2010 aka shigo da tsarin, kuma ana ba iskar baya nauyi fiye da ta gaba. Matsalar ita ce matsakaici ba ya nuna inda iskar ta buge shi. In ta danne shi a farkon tashi, kafin ya shimfiɗu, to ya rasa tsayi, zai dira a 105 a tudun da ake yin 130. Ko an ƙara masa 15 bai tsira ba.

Matakin tashi shi ne sandar da yake zaune a kai a sama. Kwamitin gasa kan sauke ta in iskar gaba ta yi ƙarfi, don kada wani ya wuce layin HS, inda gangaren ya fara miƙewa. Dira a can nauyin duka a gwiwa yake sauka, jijiyar gwiwa kuma ita ce ciwon da ya fi kwantar da 'yan wannan wasa. Wanda aka sauke wa sanda gudunsa ya ragu, sai a ƙara masa maki, kowane tudu da nasa lissafi. Koci ma na iya roƙon a sauke wa ɗan wasansa, amma ba za a ba shi ƙarin ba sai ya kai kashi 95 cikin ɗari na HS. Caca ce, kuma ta sha ƙona masu yin ta.

Wani abu da ido ke ruɗa: bakin tudun da ake tashi ba sama ya lanƙwasa ba, ƙasa ya karkata, kusan digiri 11. Mutum ya iso da gudun kilomita 90 a awa, dole da ƙafafunsa zai cilla kansa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Ya yi sauri ko ya makara, tsallen ya lalace.  Da ya tashi sai ya buɗe alluna su yi siffar V ya kwanta a tsakani. Jan Boklöv na Suwidin ne ya yaɗa wannan, alƙalai suna rage masa maki a kai, ya ci kofin 1988/89 duk da haka, cikin 'yan shekaru kowa ya bi.

Sai kaya, inda ake yawan soke sakamako. Tsawon allo ba ya wuce kashi 145 cikin ɗari na tsayin mutum, kuma sai awon nauyi da tsayi na BMI ya kai 21 za a ba shi cikakken tsawon. An sa dokar ne saboda 'yan wasa suna horar da kansu da yunwa, tunda mara nauyi ya fi nisa. Ba ta kashe matsalar ba: Maren Lundby ta Norwe, mai zinaren Olimfik na 2018, ta haƙura da na 2022 don ta ƙi matsa wa jikinta rage ƙiba. Rigar tsalle kuma santimita kaɗan aka yarda ta fi jiki, kuma dole iska ta ratsa yadin, lita 40 a kowace murabba'in mita cikin daƙiƙa. Ƙarin yadi a hantsa fiffike ne. A Beijing 2022 mata biyar aka soke a gasar gauraya kan riga, har da Takanashi. A gasar duniya ta Trondheim a Maris 2025 aka kama tawagar Norwe ta ƙarfafa ɗinkin riguna a ɓoye, aka soke sakamakon Marius Lindvik da Johann André Forfang, azurfar da Lindvik ya ci a babban tudu ta tafi.

Ɗan Jega:

Allah ya saka da alheri, Yaya da malamaina. Saura biyu: wane ne mafi nisa da aka taɓa yi? Kuma da wane lokaci ake nunawa kai tsaye a nan?

Malamin Lissafi, Gusau:

Amin. Injiniya, na karɓi gyaranka kan iska. Ranar 30 ga Maris 2025 Domen Prevc na Sulobeniya ya yi mita 254.5 a Planica, ya karya 253.5 da Stefan Kraft ya kafa a Vikersund ta Norwe a 2017. A watan nan ɗin dai ƙanwarsa Nika Prevc ta yi 236 a Vikersund. Za ka ga bidiyon Kobayashi yana yin 291 a Aisilan a 2024, amma a tudun da aka gina don shi kaɗai ne, ba cikin gasa ba, FIS ba ta ƙirga shi.

Lokaci kuwa mun yi sa'a. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Lahadin ƙarshe ta Maris agogon Jamus, Ostiriya, Norwe, Folan da Sulobeniya daidai yake da namu, abin da aka rubuta shi ne. Na Garmisch na sabuwar shekara wajen ƙarfe biyu na rana yake farawa, na yamma galibi bayan La'asar. Finlan ta fi mu da awa ɗaya, Japan da takwas, don haka na Sapporo cikin dare ko da safe yake faɗowa. In ranar rufewa a Planica ta dace da Lahadin ƙarshe ta Maris, sun riga sun tura agogo gaba, sai ka rage awa ɗaya.

In kuna kallo, ku lura da koren layin da ake zanawa a kan gangaren. Shi ne nisan da mai tsallen ke bukata ya hau gaba, kuma ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba, yana matsawa daga mutum zuwa mutum gwargwadon iska da matakin tashi. Bayan dira a dubi ƙasan talabijin, lambar iska da ta mataki suna fitowa kusa da makin alƙalai, da alamar ƙari ko ta ragi.