Mutuwa rigar kowa: har da yarinyar da ke goye?

Nas a ɗakin yara:
Assalamu alaikum. Shekarata 9 ina jinyar yara a asibiti, kuma ba maganar da ta fi yawo a kunnena kamar "mutuwa rigar kowa". Daren Talatar da ta wuce aka kawo mana yarinya 'yar shekara 2, kwananta 5 tana zazzaɓi ana ta sayo magani a kemis. Tafin hannunta fari fat, jini ya ƙare, ga jijjiga. Muka yi mata allurar zazzaɓin cizon sauro, muka sa mata oksijin, babanta ya tafi a ɗebi jininsa. Kafin ledar jinin ta iso rai ya yi halinsa. Ina cire mata robar ƙarin ruwa sai kakarta ta dafa kafaɗata ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, mutuwa rigar kowa ce." Na shige ɗakin ajiyar magani na sha kukana. Tun ranar abin yake cina a rai. Da tun Asabar aka kawo ta, wataƙila da yanzu tana tsakar gida tana wasa. Anya wannan karin maganar ta dace da irin wannan rasuwa? Kuma kukan da nake yi, raunin imani ne?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam, Sista. Allah ya ba ku lada. Abin da Bahaushe yake nufi shi ne babu wanda za a tsallake, da sarki da talaka, da tsoho da ɗan goye, kowa sai ya saka. Maganar ba ta taɓo dalilin mutuwa ko lokacinta ba. Wurinta zaman makoki, bayan an dawo daga maƙabarta. Ga yaro ma abin da aka fi cewa shi ne "Allah ya sa mai ceto ne".

Mai aikin rigakafi:
Malam, a littafi haka take, amma a unguwa ba haka ake amfani da ita ba. Duk damina muna bi gida-gida muna raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, wata-wata. Na sha cewa maigida ya bari a ba yaransa, ya ce mini wanda kwanansa ya ƙare ba abin da zai tsare shi, mutuwa rigar kowa ce. Wato an ɗauko maganar ta'aziyya an kawo ta gaban mai rai. Bahaushen da ya faɗe ta shi ne dai ya ce rigakafi ya fi magani.

Uwar 'ya'ya huɗu:
Ɗan'uwa, a yi mana a hankali. Ni na binne ɗana na fari, ƙyanda ce ta tafi da shi. Mahaifinsa yana ci-rani, babu wanda zai ba ni izinin fita, babu kuɗin mota. Da ya rasu ko kuka ban iya yi a gaban surukaina ba, saboda kunyar ɗan fari. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta zauna kusa da ni ta ce, "Rigar kowa ce, ba ke aka fara wa ba." Wallahi wannan kalmar ce ta sa na iya haɗiye abinci a ranar. Macen da aka miƙo wa gawar ɗanta a zani ta riga ta san inda ta makara, ba sai an tuna mata ba.

Limamin unguwa:
Hajiya, Allah ya sa mai ceto ne. Sista, game da kuka: lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargarar mutuwa yana jariri, idanun Annabi sun zubar da hawaye. Abdurrahman bin Auf ya ce, "Har kai, ya Manzon Allah?" Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Sai dai ki kiyayi "da an kawo ta", domin Annabi ya ce kalmar "da" tana buɗe ƙofar aikin Shaiɗan. Shi kuma maigidan da ya ƙi magani, a tuna masa Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce muna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Mai aikin rigakafi:
To Malam, in ba mu ce "da" ba, yaya za a gyara gobe?

Nas a ɗakin yara:
Na gode muku duka. Hajiya, maganarki ta sa ni hawaye. Tambayar ɗan'uwana ita ce tawa, domin da safe dole mu zauna da likita mu duba minti nawa jinin ya ɗauka kafin ya zo, kuma ba zan yarda a rufe wannan zaman da karin magana ba. Amma kakar nan ba da fayil take magana ba, da ni take, ta ga hannuna yana rawa. Na karɓa daga bakinta. Ni dai har yau ban iya furta ta ga wata uwa ba, sai in riƙe hannunta mu yi Inna lillahi tare, in taya ta naɗe yaron. Yau ma aikin dare gare ni, kuma an kwantar da wani yaro mai tamowa a gadon nan. Ku sa shi a addu'a.