Yadda za a haɗa iyali wuri ɗaya a jirgin sama idan kamfanin jirgin ruwa ne ya yanki tikiti

Na tattaro abin da waɗanda suka saba tafiyar yawon shaƙatawa a jirgin ruwa suka faɗa, inda kamfanin jirgin ruwan ke yanka maka tikitin jirgin saman da zai kai ka tashar, don wallahi abin na damuna, ace uwa tana layi na 12 yaronta ɗan shekara 5 yana can baya kusa da bayi shi kaɗai tsakanin baƙi.

Tushen matsalar dai, kamfanin jirgin ruwan yakan sayi kujeru ne a dunƙule da farashin rukuni, shi ya sa sau da yawa baka iya zaɓar siti sai tikitin ya fito, wani lokacin ma sai tafiya ta matso. To kowa ya yarda abu na farko shine ka matsa musu su baka lambar bukin ta kamfanin jirgin sama, mai haruffa 6 ɗin nan, ba tasu ta jirgin ruwa ba, mutane da yawa anan suke ruɗewa. Da ita zaka shiga manhajar kamfanin jirgin saman ko ka kira su kai tsaye, kace akwai yara a saka shekarunsu, in kuma lambobinku daban-daban ne a haɗe su.

Wasu sunce gara ka biya kuɗin sitin hankalinka ya kwanta, ni ma nan na karkata musamman in doguwar tafiya ce kamar zuwa Miami a Amurka. In bai yiwu ba ka saita ƙararrawa, yawanci awa 24 kafin tashi ake buɗe rajistar shiga jirgi (check-in) ta intanet, ka riga kowa. Sannan ku isa filin jirgi da wuri ku roƙi ma'aikacin ƙofar shiga jirgi cikin lalama ya haɗa ku wuri ɗaya, kuma a riƙa leƙa sitin don in an canja jirgi komai na iya wargajewa.