Red panda da masu kula da dajinta: wace kalma za mu tsayar?

1/ Malamai, salamu alaikum. Ina fassara wani ɗan rubutu kan namun daji saboda yaran ajinmu, sai na ci karo da dabbar da Turawa ke kira red panda. Kwana biyu ina juya sunan a baki ya ƙi zama.

2/ Ga wanda bai taɓa ganin hotonta ba: ta ɗan ɗara mage girma, bayanta ja kamar garwashi, ciki da ƙafafu baƙi, fuska da ɗigon fari. Jelarta kauri gare ta, mai zobe-zobe, da ita take lulluɓe fuska idan sanyi ya yi sanyi. A dazukan tsaunukan Nepal, Indiya, Butan, Myanmar da Sin take, ganyen gora ne tuwonta. Mutanen Nepal habre suke ce mata.

3/ Wani dattijo ya ce in sa "ƙaramar fanda". Baba, a gafarce ni, wannan zai zama cin amana. Ita aka fara raɗa wa sunan: a 1825 Frédéric Cuvier, Bafaranshe, ya rubuta bayaninta, babbar fandar nan mai fari da baƙi kuwa sai 1869 Turawa suka san da ita. Shekara 44 tsakani. Kuma ba su haɗa dangi na kusa ba, gora ce kawai ta haɗa su. Ta yaya mai suna zai koma ɗan rakiya?

4/ Yayata ta kawo "kyanwar gora". Na ce ai ba kyanwa ba ce, ta ce raƙumin dawa raƙumi ne? Ta rufe mini baki. Sunan da daɗi a kunne, sai dai yaron da ya je neman hotonta a intanet zai dawo da maguna cike da waya. Na tsaya a kan "jar fanda", kyanwar gora ta zama kirarinta.

5/ Inda gizo ke saƙar shi ne kalma ta biyu. A gabashin Nepal, yankunan Panchthar, Ilam da Taplejung, ƙungiyar Red Panda Network na ɗaukar mutanen ƙauyukan da ke bakin daji aiki, tana biyan su, ana kiransu Forest Guardians. Suna shiga cikin gora suna duba kashin dabbar da sawunta, su kwance tarkon mafarauta, su zauna da makiyaya kan batun karnukansu, don karnuka na kashe ta kuma suna shafa mata cuta. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa jar fanda cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

6/ "Masu gadin daji" ne ya fara zuwa mini, na ture shi. Maigadi kayan wani yake tsaro, gari ya waye ya naɗe tabarmarsa. Su kuwa nan suke saran ice, nan suke yankan ciyawa, kuma dokar daji ta 1993 a Nepal ta ba ƙungiyoyin mazauna damar karɓar daji su tafiyar da shi da kansu. "Malamin daji" ma bai yi ba. Ka faɗe shi a ƙauye, abin da zai faɗo wa mutum a rai shi ne tara da ƙwace gatari.

7/ Wani ya ce "masu kiwon daji", kamar yadda muke cewa kiwon lafiya. Na so shi, amma mai karatu zai ɗauka shanu ake korawa ciki, alhali dabbobin kiwon ne ke tattake gorar.

8/ Sai na tuna riƙo. Wanda aka ba riƙon yaro yana aikensa, yana morarsa, amma ranar da aka tambaya dole ya nuna shi da ƙoshin lafiya. Don haka na rubuta "mariƙa daji", tilo "mariƙin daji", tsarin kuma "riƙon daji a hannun 'yan gari". Jimlar ta fito haka: Mariƙa daji sun ga kashin jar fanda a gindin gora.

9/ 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku karanta ta da ƙarfi ku gaya mini ko ta zauna a kunnenku, kafin Litinin in kai wa yara.