Masu hawan jinin da ya ƙi sauka: wa ya san allurar wata shida?

Hajiya ta Jidda: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙwaya uku nake sha kullum, amlodipine, valsartan da na fitsari, amma awona ya ƙi yin ƙasa da 150. Ga ƙafa ta kumbura har silifas ba ya shiga. Maƙwabciyata ta ce an fito da allura sau biyu a shekara. Akwai wanda aka yi wa?

Mai saidaliyya, Makka: Wa alaikumus salam Hajiya. Zilebesiran kenan, tana rage wani sinadari da hanta ke yi, wanda ke kaiwa ga tsukewar jijiyoyin jini. Har yanzu gwaji ake, don haka duk wanda ya ce zai samo miki ita, kuɗinki yake so. Wanda Amurka ta amince da shi a 2024 shi ne aprocitentan, ana ce masa Tryvio, na masu irin matsalarki. Sai dai yana tara ruwa a jiki, mai ciki kuma ba ta shan sa sam. Kumburin nan ki faɗa wa likita, halin amlodipine ne.

Direban Madina: Ni fa nawa laifin hanya ne. In na ɗauki alhazai da asuba, ƙwayoyin suna gida a kan firij. Da likitan mustausaf, wato ƙaramin asibiti, ya haɗa min ukun a ƙwaya guda, Exforge HCT, na ajiye fakitin kusa da sitiyari, tuni awo ya daidaita.

Mai saidaliyya, Makka: Alhaji, ka fitar da shi daga mota don Allah, zafin Madina yana lalata magani.

Innar yara, Riyad: Maigidana sai da aka ƙara masa spironolactone na huɗu kafin jininsa ya sauka, tsohon magani ne mai araha. Amma ana ta ɗibar jininsa don duba fotashiyam, kuma nonuwansa sun yi ta ciwo, kunya ta hana shi faɗa sai ni na faɗa. Hajiya, kina shan irƙi sus, abin shan nan na Larabawa da ake yi da saiwar licorice, da azumi? Shi ma yana ɗaga jini sosai.

Hajiya ta Jidda: Innalillahi! Ai ba azumi kaɗai ba, yanzu haka akwai jug guda a firij. Ranar Lahadi zan koma asibiti, zan kai musu ledar magungunan gaba ɗaya.