Musayar Waƙa: Lambun Bayan Gida a Ƙarshen Marka

Mai Kabewa:
Assalamu alaikum. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "wa". Wanda ya san lambu ya ɗora.

Manoman lambu ina gaishe ku,
Ga tambaya, marka tana wucewa.

Kabewa ta yi yaɗo ta yi fure,
'Ya'yan na yin rawaya suna faɗuwa.

Tumatir da safe kore shar a tsaye,
La'asar ya langaɓe ba farfaɗowa.

Masara ma an huhhuda mata ganye,
Ko feshi guda zai iya magancewa?

Baba Mai Zuma:
Ɗana, aje famfon feshin tukuna,
Ba ciwo ba ne ke damun kabewa.

Furenta iri biyu, namiji da mace,
Macen da ɗan ƙwallo take fitowa.

Da asuba furen yake buɗe baki,
Kafin azahar ya gama rufewa.

In zuma ba ta kai masa garin namiji ba,
Ƙwallon ba ya girma, sai ruɓewa.

Ruwan safiya na hana ta fita kiwo,
Feshin safiya kuwa ita yake kashewa.

In ta yi ƙaranci, tsinko namijin,
Ka fige shi, tsinken kana lallaɓawa.

Ka shafa garin a cikin ta macen,
Bakwai zuwa tara ne lokacin gogawa.

Malamar Gona:
Baba ya sallami kabewa, ƙanena,
Tumatir kuwa sai an yi gwadawa.

Yanko karan daga gindi, tsawon yatsa,
Tsoma bakin a kofin gilas mai ruwa.

In farin zare ya zubo kamar hayaƙi,
Ƙwayar cuta ce, daga ƙasa take hawa.

Ta toshe hanyar ruwa a cikin kara,
Ba feshin da ke iya warkarwa.

Tuge shi da saiwa da ƙasar gindi,
Kar ya shiga taki, sai dai ƙonewa.

Gauta, tattasai, dankalin Turawa,
Danginsa ne, su ma tana kamawa.

Shekara uku zuwa huɗu wurin ya huta,
A ba shi masara, gero ko dawa.

In kofin ya fito garau, duba kwari,
Ruwa in ya kwanta saiwa na shaƙewa.

Ɗaga kunya taƙi guda, share magudana,
Kafa masa sanda kana ɗaurewa.

Kawu Mai Masara:
Tsutsar masara baƙuwa ce daga Amurka,
A 2016 ta iso mana tana yaɗuwa.

A kanta akwai alamar Y a kife,
Da baƙin ɗigo huɗu can wajen ƙarewa.

Da rana tana cikin zuciyar kara,
Garin kashinta ke tona ɓoyewa.

Toka da yashi, tsunkule guda a zuba,
Tun masara ba ta kai ga bunƙasawa.

'Ya'yan darbejiya busassu, ɓare su,
Rabin kilo a turmi a yi dakawa.

Lita 10 na ruwa, ya kwana a jiƙe,
Da safe a sa ƙyalle a yi tacewa.

Ɗan sabulu domin ya kama ganye,
Sai la'asar sakaliya ake fesawa.

Rana na rage ƙarfinsa, ruwa na wankewa,
Duk mako guda ake sake haɗawa.

Ƙananan tsutsa yake ci, ɗana,
Wadda ta girma hannu ke cirewa.

Gwaggo Mai Yakuwa:
Ku bar mini masu aikin lambu, 'ya'yana,
 

Ba kowane ƙwaro ake kashewa.

Kwaɗo da bushiya dare suke kiwo,
Shinge da gyare suke haɗiyewa.

Zanzaro tsutsa take kai wa 'ya'yanta,
Ɗakinta na laka ba a rushewa.

Ƙoƙi-ƙoƙi na dako a kan rama,
Fara ta bi fili ta haɗu da shamuwa.

Ita ma ruwa na ɗaukewa ta tashi,
Kudancin Afirka take komawa.

Sauro ne nake so a hana wa masauki,
Kwana 7 zuwa 10 ya gama ƙyanƙyashewa.

Gwangwani da tsohuwar taya a kife su,
Kwaɗo a ba shi fasasshiyar tukunya a inuwa.

Baba Mai Zuma:
Gwaggo, tukunyar da sanda ake ɗaga ta,
Inda kwaɗo da ɓera, maciji na zuwa.

A sassabe ciyawar gindin danga,
Tarin kara mafaka ce ta kububuwa.

Takalmin roba da tocila in za a fita,
Hannu kar ya shiga ƙarƙashin kabewa.

In ta yi sara, a cire zobe da awarwaro,
Ba tsaga, ba tsotsa, ba ɗaurewa.

A kwantar da wanda ta sara, ƙafar kar ta motsa,
Allurar maganin dafi a asibiti ake nemowa.

Na kusa da Gombe su nufi asibitin Kaltungo,
A ɗauke shi a abin hawa, ba takawa.