Muhawara: korar koci ana tsakiyar kaka, magani ne ko ƙarin ciwo?

Na Gunners: Jama'a, zan faɗi magana, mai jin haushi ya ji. Duk ƙungiyar da ta kori kocinta ana tsakiyar kaka, shugabanninta ne ke rufe gazawarsu. Su suka ɗauko shi, su suka sayo 'yan wasan, da abu ya kwaɓe sai a ɗora wa mutum ɗaya. Ku tuna Arteta. Sau biyu a jere Arsenal tana ƙarewa ta 8, sannan a Agustan 2021 ta sha kashi a wasanni uku na farko ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba, har da 5-0 a hannun Man City. Da an biye wa ihun magoya baya, da tuni an sallame shi.

Ɗan Blues: Yallaɓai, a gabana za ka faɗi haka? Kofin Zakarun Turai biyu Chelsea take da su, kuma duka waɗanda aka ɗauko ana tsakiyar kaka ne suka ciwo su. A 2012 Napoli ta yi mana 3-1, aka kori Villas-Boas a watan Maris, Di Matteo ya karɓa ya rama da 4-1, ya fitar da Barcelona, ya je har gidan Bayern ya ɗauke kofi a bugun fenareti. A Janairun 2021 muna ta 9 aka sallami Lampard, aka kawo Tuchel. Wata huɗu bayan nan Havertz ya zura wa City a wasan ƙarshe a Porto, muka ɗauki kofi. Ku da haƙurin naku, Zakarun Turai nawa kuka ɗauka?

Na Gunners: To ina Di Matteo ɗin? Kafin shekarar ta fita kun kore shi a Nuwamba. Kuma ta 6 kuka ƙare a Firimiya a kakar da ya ci kofin.

Malam Lissafi: Ku ɗan saurara. Kowa yana kawo wanda ya yi nasara ne, ba mai tuna waɗanda suka nutse. Watford a kakar 2021/22 ta yi koci uku, Xisco, Ranieri da Hodgson, ta faɗi. Kakar da ta biyo baya Southampton ta kori Hasenhüttl, ta kawo Nathan Jones, wata uku ta kore shi, ta ƙare a ƙarshen teburi. Leeds ta kira Allardyce saura wasa huɗu, maki ɗaya ya samo. Leicester ma ta rabu da Rodgers a Afrilu, bai hana ta faɗuwa ba.

Ga kuma abin da ke ruɗar mu. Ba a korar koci sai ƙungiya tana cikin mafi munin halinta: manyan 'yan wasa na jinya, an haɗu da manyan ƙungiyoyi a jere, ƙwallo tana ta dukan turke. Irin wannan hali ba ya ɗorewa. Ko an kori koci ko ba a kora ba, masu jinya za su warke, wasanni masu sauƙi za su zo. Sai sabon ya tarar da sauƙin, mu kuma mu ce shi ya kawo shi.

Hajiyar Madrid: Malam, lissafinka ya yi, amma bai shiga ɗakin sauya kaya ba. Idan 'yan wasa suka daina yi wa koci gudu, ba jadawalin da zai gyara. Kowa ya ga yadda Madrid take wasa ƙarƙashin Benítez, jiki ba laka. Aka ba Zidane a Janairun 2016, mutanen nan dai su ne, amma suka ɗauki Zakarun Turai uku a jere. Wannan ma sa'a ce?

Ɗan Blues: Ƙara masa da Bayern, Hajiya. Frankfurt ta yi musu 5-1 a Nuwamban 2019, Kovač ya tafi, Flick ya cinye kofi uku, ya kuma yi wa Barcelona 8-2.

Malam Lissafi: Ita Bayern ɗin ce kuma ta kori Nagelsmann a Maris 2023 tana cikin kowace gasa. Ba a jima ba Freiburg ta fitar da su a kofin Jamus, City ta fitar da su a Turai, Bundesliga ma da ƙyar suka ɗauka, a ranar ƙarshe da bambancin ƙwallaye.

Kawu: Ni tun ɗazu karatu nake. Yarana, akwai abin da ke cikin misalanku da ba ku kula ba. Di Matteo mataimakin Villas-Boas ne. Flick mataimakin Kovač ne. Zidane a lokacin yana horar da Castilla, ƙaramar ƙungiyar Madrid, ya kuma taɓa zama mataimakin Ancelotti. Haka Emerse Faé na Ivory Coast: Equatorial Guinea ta yi musu 4-0 a gida, aka sallami Gasset ana tsakiyar gasar Afirka, mataimakinsa ya karɓa, ya fitar da Senegal da Mali da Kwango, ya doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe. Duk 'yan gida ne, sun san wa ke fushi da wa, sun san wanda aka ajiye a benci bisa kuskure. Baƙon da aka kira cikin firgici saura wasa huɗu, ko sunayen yaran bai gama riƙewa ba.

Ɗan Blues: Kawu, Tuchel fa? Daga waje ya zo. Emery ma daga Villarreal ya zo Aston Villa bayan Gerrard a 2022, ya kai su ta 7, kaka ta gaba ta 4.

Kawu: Waɗannan ƙwararru ne da aka san abin da ake nema a wurinsu kafin a kira su. Ba a kori mutum da daddare ba sannan da safe a fara tambayar wa ke zaune babu aiki.

Hajiyar Madrid: Na Gunners ya yi shiru. Bari in tambaye ka, Artetan naka yaushe ya zo?

Na Gunners: Disambar 2019.

Hajiyar Madrid: Bayan Arsenal ta kori Emery a Nuwamba, ana tsakiyar kaka. Klopp ma Oktoban 2015 ya karɓi Liverpool. Shi kansa Ferguson da ake buga misalin haƙuri da shi, a Nuwamban 1986 ya gaji Ron Atkinson a Manchester United.

Na Gunners: Na ji, amma an bar Ferguson har 1990 kafin ya ci kofin farko. A ba ni shugaban ƙungiya ɗaya a yau da zai jira haka.

Ɗan Blues: Mu dai namu ba zai jira ba, kuma ban ce ya jira ba.