Subjuntivo na Sifaniyanci: a ina ya fara kayar da ku?

Ɗalibi a Granada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Saura wata 3 in zauna jarrabawar DELE (ta shaidar iya Sifaniyanci) matakin B1, subjuntivo kuwa, wato sigar aikatau ta nuna so, fata ko abin da bai tabbata ba, ya tsaya mini a wuya. Ƙa'idar na haddace ta: a ɗauki sigar aikatau ta "yo" (ni), a cire -o, a yi musayar wasali. Masu ƙarewa da -ar su ɗauki e (hable, hables, hablemos), masu -er da -ir su ɗauki a (coma, viva). A takarda ba na kuskure, amma da na buɗe baki sai "quiero que hablas" ta suɓuce maimakon "quiero que hables" (ina so ka yi magana). Ku da kuka riga mu, yaya kuka yi?

Mai shago a Malabo, Equatorial Guinea: Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ban taɓa shiga aji ba, a bakin kanta na koya. Shekara 2 ina ce wa masu sayayya "pase, mire, compre" (shigo, duba, saya), ina daka wa yara tsawa "no toques!" (kada ka taɓa), ban san abin ma yana da suna ba. Fara da umarni da hani, bakinka zai saba da wasalin kafin ƙwaƙwalwa ta tsoma baki.

Malamar Hausa a Zariya: Ɗana, ai muna da shi a gida, shi ne lokaci umartau. Saurari bakinka: "ka zo jiya" da "ina so ka zo". Na farko ka ja wasalin, na biyu ka gajarta shi. Inda duk Bahaushe zai ce "ina so ka", "don ka", "Allah ya", nan ne Basifaniye ke cewa quiero que, para que, ojalá. "Que te mejores" kuwa tamkar "Allah ya ba da sauƙi" ce.

Sai dai akwai rami, ni ma na faɗa ciki. Mu mukan ce "ina so in tafi", da umartau ko da mai so da mai tafiya mutum ɗaya ne. Su ba sa haka. Na taɓa rubuta wa malamata "quiero que hable" ina nufin ni zan yi magana, baiwar Allah ta zaci ita nake umarta, har ta tambayi me zan so ta faɗa. Daidai shi ne "quiero hablar".

Likita da ya yi karatu a Kuba: Malama ta gama magana. Ni "cuando" ce ta ba ni kunya. Na ce wa wata tsohuwa "cuando termina las pastillas, regrese" (idan kin gama shan ƙwayoyin, ki dawo), nas ɗin da ke gefe ta raɗa mini "termine". Abin da bai auku ba tukuna, subjuntivo yake ɗauka. A Kuba kuma ba ruwanmu da "habléis", sigar "ku" ta Sifaniya, "hablen" ta wadatar. Kai da kake Sifaniya dole ka riƙe ta. Ojalá ɗin nan ma daga Larabci ta fito, 'yar uwar in sha Allahu ce.

Ɗalibi a Granada: Na gode iyayena. Malama, yau na gwada dabararki a wurin mai burodi, na ce masa "que descanses" (a huta lafiya) ba tare da na tsaya lissafi ba. Saura rubutu: jiya ma sai da aka ja mini jan biro a kan "busce" da "llege", ashe busque da llegue ne.